Shanun Baba Sun Ƙare a Sama

Litinin, 9 ga Janairu

Yau na sake zama da Colleen ta ofishin makarantar tuƙin jirgi. Ita ce bara ta ce min dala dubu goma sha huɗu za su kai ni ga lasisin farko. Na tuna mata. Wai, "Haba Lorna, ai wannan lissafin na wanda komai ya tafi masa daidai ne. Ke kin taɓa ganin irinsa?" Har da dariyarta. Na kashe dubu goma sha bakwai, ko ranar jarrabawa ba a sa min ba. Kuma kuɗin nan shanun Baba ne, garken gaba ɗaya.

Na fito na ɗan zauna a mota. Daga nan na wuce aikina na ɗaukar 'yan makaranta a bas kamar ba abin da ya faru.

Asabar, 21 ga Janairu

Dusar ƙanƙara. An soke darasi. Asabar ta uku ke nan a jere.

Alhamis, 2 ga Fabrairu

Tobias, malamina, ya samu aiki a wani kamfanin jirage a birnin Winnipeg. Da murnarsa ya faɗa min, na yi masa barka, har na rungume shi. A banɗaki na yi kukana. Shi ya san inda nake kuskure, ya san inda na iya. Sabon malami sai ya ga komai da idonsa kafin ya sa hannu, kuma kowace awa da zai kalle ni, ni zan biya ta.

Lahadi, 19 ga Fabrairu

Abincin rana a gidan Baba bayan coci. Yaya Marcel ya zo da matarsa. Tun daga ƙofa ya fara: "A'a, Kyaftin! Yau a ƙasa aka zo?" Na ci gaba da jera faranti. Baba kuwa bai gane gatse ba ne, ko ya gane ya share. Ya ce a shagon kofi kowa ya san 'yarsa ta kusa zama matuƙiyar jirgi, za ta riƙa kai kaya da marasa lafiya garuruwan arewa. Ya ce har ya yi wa abokinsa tsoho Friesen alkawarin kujera a jirgin.

Da muna wanke kwanuka Marcel ya rage murya. "Shekararki talatin da takwas. Mutum ya yi shekara arba'in yana tashi cikin sanyi yana ba shanu ciyawa, ke kin ƙone su a iska cikin shekara ɗaya. Saura me kuma?"

Na ce ba ni na roƙa ba, Baba ne ya ba ni. Ya ce, "Ai kin iya karɓa."

Gaskiya ce. Abin da ya fi ciwo ke nan.

Talata, 7 ga Maris

Sabuwar malamar sunanta Gwen. Ta girme ni nesa, ba ta da yawan magana. Bayan mun sauka ta ce hannuna ya manta abubuwa da yawa saboda dogon hutun sanyi. Na tambaye ta awa nawa suka rage. Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya don ki ji daɗi ba. Ban sani ba." Na ce ki ƙiyasta mana. Ta ce goma, in iska ta yi mana kirki.

Na karɓi wankin motocin makaranta da yamma. Na daina sayen nama. Na rage ɗumin gida, da rigar sanyi nake kwana.

Asabar, 25 ga Maris

Na sayar da keken ɗinkin marigayiya Mama. Awa biyu a sama. Ban faɗa wa kowa ba.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Banki. Yarinyar da ta karɓe ni mai mutunci ce, har kofi ta kawo min. Na yi mata bayani cewa lasisin farko ba a aiki da shi, sai na biyu, kuma shi zai ci wajen dubu sittin. Dama shirina ke nan tun farko: Baba ya fara, banki ya ƙarasa. Ta duba albashina, ta tambayi abin da zan ba da jingina. Gidan haya nake. Motata ta tsufa. Ta ce, "Ko akwai mai fili a dangi da zai tsaya miki?"

Na ce babu.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Na faɗi jarrabawa.

Asabar, 15 ga Afrilu

Bari in rubuta ko zai fita daga kaina. Komai ya tafi lafiya har mai jarrabawar ya rage wutar inji ya ce in ɗauka injin ya mutu, in nemi wurin sauka. Abin da na yi sau ba adadi. Na zaɓi wata gona, na sauya shawara, na sake sauyawa. Kafin in tsaida ɗaya ƙasa ta matso, ba wadda zan kai. Ya mayar da wutar da kansa. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce, "Da gaske ne da mun shiga bishiyoyi."

Gwen ta ce ba ni ce farau ba, a ƙara 'yan awoyi a sake. Kuɗin mai jarrabawa, kuɗin jirgi, kuɗinta. Abin da ya rage min awa ɗaya zai biya.

Laraba, 26 ga Afrilu

Marcel ya kira ni ina tsakiyar wanke bas. Babu Kyaftin yau. Ya ce, "Tsohonki ya yi wa Friesen tayin gonar bakin kogi. Gobe za su zauna."

Ban ko cire takalmin roba ba na tafi. Na tarar da Baba a kicin yana soya ƙwai. Na ce gonar nan ba za a sayar ba. Ya ce tasa ce. Na ce can ya kai Mama ranar da ya nemi aurenta, shi da bakinsa yake ba mu labari. Ya ce ƙasa ce kawai, ƙasa ba ta san kowa ba. Na ce ko ya sayar ba zan karɓi sisi ba. Ya buga cokali a kasko. "To me zan ce wa mutane?"

Na ce ya ce musu 'yarsa ta kasa.

Bai juyo ba. Ƙwan ya ƙone. Can ya ce, "Ni ban taɓa shiga jirgi ba, Lorna. Jira nake ke ki ɗauke ni."

Asabar, 6 ga Mayu

Na roƙi Gwen mu ɗauki jirgi mai kujera huɗu, Baba ya zauna a baya. Ta kalle ni, ta san awar ƙarshe ce, ta yarda.

Baba ya zo da kwat ɗinsa ta coci. Da muka bar ƙasa na ji ya kama bayan kujerata da hannu biyu. Na bi kogi har kan gonar. Ruwan bazara ya cika gefenta, sauran baƙa wuluk, tana jiran shuka. Na karkata jirgin don ya gani sosai, na zagaya sau biyu.

Ya ce, "Ashe shingen nan a karkace yake. Marcel ne ya kafa shi." Gwen ta fashe da dariya, karo na farko da na ji dariyarta. Na leƙa baya, goshin Baba na jikin gilashi.

Saukar ta yi kyau ƙwarai, ko girgiza babu. Gwen ba ta taɓa komai ba, ta kuma tabbatar ya ga hannuwanta a cinya.

A hanyar gida ya ce in tsaya a shagon kofi. Na jira shi a mota. Ta taga na hango shi yana karkata tafin hannu yana nuna wa Friesen yadda muka juya.

Alhamis, 18 ga Mayu

Marcel ya shuka gonar jiya. Na ce wa Gwen hutu zan yi, zuwa kaka, ko baɗi. Hutu ne kawai.

Na sayi kaza, na gayyaci Baba. Barci nake yi sosai kwanan nan, ban san dalili ba.

Da safe wani ƙaramin jirgi ya wuce ta kanmu a hanyar makaranta, ƙasa-ƙasa. Yara suka ruga tagogi suna ihu. Na ce kowa ya koma kujerarsa. Sai da na ajiye bas na tuna ban ɗaga kai ba. Ina ga don hanyar akwai kwana ne.