Na ɗauki takalminka, Yaya

Yaya,

Ka yi haƙuri, na ɗauki baƙin takalminka ban tashe ka ba.

Dogo, ɗan ajinmu a jami'a, ne ya buga ƙofa ɗazu yana haki. Wai ya ga sunana a ƙarƙashin nasa cikin waɗanda kamfanin magungunan nan ya kira intabiyu yau ƙarfe tara. Ni ko labari ban ji ba, wayata na wurin mai gyara tun shekaranjiya!

Na ce, "Kai, ba mutum ɗaya za su ɗauka ba?"

Ya ce, "Na sani. Sa rigarka, ma yi bitar tambayoyin a hanya."

Ga shi can kan babur yana ta danna hon. Ka ce wa Umma ta sa mu a addu'a, mu duka biyun.

Ƙaninka