Abba a Ɗakin Maigadi

Dar es Salaam

Umma,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Abba da ƙanwata Najla?

Gasar ƙungiyoyin ƙwallon Gabashin Afirka ta ƙare, mun zo na uku. Fitar da ni daga fili da kika ga an yi a talabijin a kan gadon ɗauka, alhamdu lillahi targaɗe ne, ba karaya ba. Sallah dai a zaune nake yi tukuna. Ki daina aika Lawan direba zuwa Gawuna wajen mai ɗori, don Allah.

Najla ta ce Abba, da ya ce ba zai taɓa kallon wasana ba, a ɗakin maigadi ya kalla, har da hawaye da na faɗi. Kada ki nuna masa na sani. Ya dai sa mini albarka.

Ɗanki,
Abdulbaƙi