Manufa Ta Bakwai Da Na Soke Da Jan Biro

Malama, don Allah ki taimake ni, abin nan ya fi ƙarfin cikina.

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta ma'aikatan hanya, gada da magudanan ruwa. Duk shekara biyar muna rubuta manufofin da za mu sa a gaba, a karanta a babban taro. Wancan karon ma ni na rubuta. Akwai wani dattijo mai duba lafiyar gadoji da muke ce wa Baba Mai Guduma, don bai yarda da ido kaɗai ba. Bin ginshiƙi yake yana ƙwanƙwasawa da 'yar gudumarsa, ya kara kunne. Ya ce siminti mai lafiya da ƙarfi yake amsawa, wanda ya ruɓe ta ciki kuwa sai ka ji kamar tulun da ba ruwa. Har tsokanarsa muke, wai likitan da ba ya ba da magani.

Shi ya kawo manufa ta bakwai da rubutun hannunsa: duk ɗan ƙungiyar da ya ƙi sa hannu a kan aikin da bai gamsu da shi ba, ƙungiya za ta tsaya masa. Sauran shidan na ado ne, su ƙara mambobi, gina ofis, taron shekara. Shugabanmu ya ce komai ya shiga shafi ɗaya, kuma kada mu tsokano manya. Bai ce in cire ta ba, gaskiya. Ni na ɗauki jan biro na soke ta, na ce wa Baba kwamiti ne ya ƙi. Kwamiti ko ganinta bai yi ba. Ya ma yi min godiya, Malama.

Bayan shekara biyu ya ƙi sa hannu a kan gadar tsallaka titi da ke gaban wata makaranta, ya ce ginshiƙi na uku fanko ne. Aka ɗauke shi daga fili aka jefa shi ɗakin tsofaffin fayil, wani ya sa hannun. Sau uku yana zuwa ofishinmu, ni kuma ina nuna masa shafin nan, wai maganarsa ba ta cikin manufofinmu. Bai cika shekara ba ya rasu. Da na je gaisuwa, matarsa ta miƙo min gudumar, ta ce ya bar sallahu a ba sakatare, shi ne ya yi masa ƙoƙari.

Gadar tana nan tsaye, kuma ta kanta 'yata take bi kullum. Gudumar tana cikin durowata, na kasa zuwa in ƙwanƙwasa ginshiƙin don tsoron abin da zan ji. Amma ina jin ta. Da rana tsaka, ko ƙofa aka buga ko kafinta ne a maƙwabta, sai in waiga, in zaci ita ce. Saura mako uku taro, an sake ba ni rubutun, na kasa ɗora biro. In na mayar da manufar shiru, ba wanda zai sani. In na faɗi gaskiya, kujera da mutunci sun tafi. Ya zan yi?

Sakatare mai jan biro

Malam Sakatare, na ji ka, kuma na tausaya maka. Amma ka tambaye ni kan kujera da mutunci, ni kuwa ginshiƙi na uku ne ya tsaya min a rai. Da shi za mu fara. Gobe da safe ka ɗauki abokan aikinka biyu da suka san gada, ku je ku duba, ku rubuta abin da kuka samu, ku kai wa hukuma da sa hannunku. Wannan ba ya jiran taro. Kafin nan ka sauya wa 'yarka hanya, ka kuma tuna ba ita kaɗai ke hawa ba.

Ba kai ka kashe Baba ba, kwanansa ne ya ƙare, kuma ba kai ka ɗauke shi daga fili ba. Kada ka ɗora wa kanka kayan wasu. Ƙaryar dai taka ce, har sau huɗu. Mayar da manufar shiru zai gyara takarda, amma wanda ya soke ta a ɓoye ya nuna cewa wani ma zai iya. Ka tashi a taro ka faɗi yadda aka yi, ka nemi a sa ta ta farko, kuma daga yau kada a cire komai sai da ƙuri'ar mambobi. Wataƙila su sauke ka. Wataƙila kuma ka ga masu irin naka ciwon sun fi yadda kake zato.

Kafin taron ka je wurin matarsa, kada ta ji a bakin wasu. Ka nemi gafararta, ka yi wa mamacin addu'a.

Mutumin da ya yi shekaru yana gane fanko da kunne, ban jin bai gane muryarka ba ranar da ka ce kwamiti ne. Duk da haka kai ya bar wa gudumar. Ba don durowa ya bar maka ita ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya tsare masu hawa gadar.