Rasuwar Alhaji Souleyman Habi, Shugaban Ƴan Sintirin Kasuwannin Dabbobi

Cikin alhini da ruɗewar da har yanzu ba ta sake mu ba, Ƙungiyar Dillalai da Makiyaya ta Arewacin Adar tana sanar da jama'a rasuwar ubanmu kuma jagoranmu, Alhaji Souleyman Habi, shugaban ƴan sintirin kasuwanninmu, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Lahadi a Tawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya karɓi wannan aiki lokacin da ɓarayin shanu suka hana mutanen Barmou da Tébaram kawo dabbobinsu kasuwa, ya bi ruga-ruga da kansa yana magana da Hausa da Tamashek, har hanya ta buɗe. Shi ne kuma ya nace aka sanya a tsarin mulkin ƙungiya cewa babu shugaban sintiri da zai wuce wa'adi biyu, yana mai cewa wanda ya daɗe riƙe da sanda yakan manta ta jama'a ce.

Da wa'adinsa na biyu ya zo ƙarshe, makiyaya suka nemi a gyara dokar domin ya zarce, dillalai da dama suka ƙi. Aka kira babban taro. Alhaji ya miƙe, ya yi sallama, ya ce yana da magana ɗaya, sai ya dafe ƙirji ya zauna. Kafin a kai shi likita rai ya yi halinsa.

Ba mu san maganar ba. Mataimakinsa, Malam Idi Rissa, ya ce marigayin ya shaida masa zai bi abin da rinjaye ya so. Uwargidansa, Hajiya Zuwaira, ta ce ya riga ya gaya mata zai sauka ya koma gona. Dukansu ba mu taɓa jin ƙarya a bakinsu ba. Ba a kaɗa ƙuri'a ba, kuma dattawanmu sun kasa tsayar da ko gyaran yana da sauran amfani.

Muna roƙon mambobi su daina jingina masa maganar da bai faɗa ba, musamman a zauren makoki. Allah Ya ba Hajiya Zuwaira, ƴaƴansa da dangi haƙurin wannan rashi, Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma da ya bari da wannan shawara, Allah Ya nuna mana daidai.

Sabo Faruk Barmou
Kakakin Ƙungiya, Tawa