Jarkar Zamzam ta Alhaji Zubairu

Ainu Shams, Alƙahira
10 ga Afrilu, 2014

Zuwa ga ƙanwata Fadimatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da Baba da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata man da na aiko shafawa ake yi, ba ajiya a ƙasan akwati ba. Mu nan lafiya lau, sai ɗauke wuta da ya zame mana jiki, da cikin nan da ya fara hana ni hawa bene.

To 'yar gari, mun ga mutumin naki. Alhaji Zubairu ya iso daga Umara, ya sauka a wani otal a unguwar Mohandessin, washegari ya zo har gida ya gaishe mu. Kin san Baba ya ɗora wa Malam amanar ya duba masa halinsa kafin a tsayar da ranar aurenku, tunda a nesa da gida ne mutum yake sakin jiki. Mijin nan nawa kuwa in ba littafi ba babu abin da ya iya karantawa, don haka ni na karɓi aikin. Na ƙare wa Alhajinki kallo daga hula har takalmi, ban sami inda zan kama ba. Ya durƙusa ya gaida Malam duk da ya girme shi, kuma da aka ambaci sunanki sai ya hau gyaran hula kamar sabon saurayi.

Abin da ya fi burge ni, duk inda ya sa ƙafa yana riƙe da wata 'yar jarkar Zamzam, an ɗinke ta cikin farin yadi yadda alhazai suke yi, ga kofinsa na ƙarfe mai murfi. Ya ce gyambon ciki ne da shi, kuma da ita yake magani. Dabino da abaya ya kawo mini, ya ce tawa Zamzam ɗin tana cikin kaya a otal. Ki gaya masa ina nan ina jira, yaya ba ta yafe tsarabarta.

Ranar Asabar ya gayyace mu yawo a jirgin ruwa a kan Nilu, wuni guda, har da abincin rana. Tun juyin juya halin nan Turawa sun ja baya, jiragen sai roƙon mutane suke. Malam ya ce sai dai jirgin iyali, wanda ba a sayar da giya ba a kuma rawa, Alhaji ya ce ai shi ma abin da zai ce ke nan.

Zan tafi da maƙwabciyata Habboba Mahasin. Habboba shi ne kaka a bakin mutanen Sudan. Bahaushiya ce fa, kakanninta da ƙafa suka baro ƙasarmu za su aikin hajji, guzuri ya ƙare musu a Sudan, a nan suka zauna har suka mutu. Ita ma ba ta taɓa ganin Makka ba. Maganin ido ya kawo ta Alƙahira wurin jikanta, kuma tun da na zo ƙasar nan ita ce uwata.

Ki gaida kowa, ki kuma rage murmushin nan, har nan nake jiyo shi.

Taki har kullum,
Yaya Hawwa

Ainu Shams, Alƙahira
15 ga Afrilu, 2014

Fadimatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da su Baba da Inna. Wannan takardar Kamilu na ba, ɗalibin nan ɗan unguwarmu da zai dawo Funtuwa, na ce ya damƙa miki hannu da hannu. Ki shiga ɗaki ki rufe kafin ki ci gaba.

Mun je yawon. A bakin jirgi akwai masu binciken jakunkuna, saboda ba a yarda kowa ya shigo da abin shansa ba. Har ruwan gorata suka karɓe. Da suka zo kan Alhaji Zubairu suka ga jarkar nan, sai babbansu ya dafa ƙirji ya yi masa barka da Umara, ya roƙe shi addu'a, ya ba shi hanya. Alhaji kuwa ya ɗaga hannu ya yi masa addu'ar.

Bayan cin abinci Malam ya sauka ƙasa yin azahar, Alhaji ya ɗauki waya ya yi can bayan jirgi, ya bar jarkar da kofin a ƙarƙashin kujera. Tun safe Habboba take tambayata ko da gaske Zamzam ce daga Makka kai tsaye. Ta ce a rayuwarta sau ɗaya aka taɓa ɗiga mata a harshe tana yarinya. Ke kin san gida. Wa ya taɓa neman izinin shan Zamzam? Duk alhajin da ya dawo, a zaure ake ajiye jarkarsa, mai wucewa ma sai ya kurɓa. Na jawo jarkar na tsiyaya a kofin, na ce babba ta fara, ni in biyo baya saboda ɗan cikina. Na ji wani ɗan warin tsami-tsami kamar kullun da ya kwana, na ce a raina zafin rana ne ya bugi robar.

Tsohuwar nan ta miƙe da kyar, ta sa na juya ta wajen alƙibla, ta yi bisimilla. Ta roƙa wa kakanninta da suka mutu a hanya gafara, ta roƙi Allah ya buɗe mata idonta, sannan ta kai baki. Na ga fuskarta ta yamutse, ta haɗiye da kyar. Sai ta fashe da kuka. Wai ta taɓa ji a wa'azi munafuki ba ya iya ƙoshi da Zamzam, ga shi ta yi mata ɗaci a maƙogwaro, ashe zuciyarta ba ta da kyau ba ta sani ba. Ta yi ta istigfari, ta ce in ƙara mata, sai ta sha ta ƙoshi ko za ta mutu. Na ƙara mata, Fadimatu. Da hannuna na ƙara mata.

Malam ne ya dawo ya karɓi kofin, ya leƙa, ya sunsuna, ya tsiyaya kaɗan a farin faranti. Ruwan ya fito ɗorawa-ɗorawa. Giya ce, ta inabi, farar. A nan Alƙahira ya saya, ya juye Zamzam ɗin ko ina oho, ya ɗura wannan ƙazantar a mazauninta.

Habboba ta yi ta kelaya amai ta gefen jirgi har na ji tsoron za ta faɗa ruwa. Ba ta zagi kowa ba. Tambaya ɗaya take maimaitawa, wai da gaske sallarta ta kwana arba'in ba za ta karɓu ba? Malam ya zauna a gabanta yana rantse mata cewa babu laifi a kan wanda bai sani ba. Ban taɓa ganin idon mijina ya yi ja irin na ranar ba.

Shi kuwa Alhajin, ma'alish, wato a yi haƙuri, kawai yake ta cewa. Wai sai a tafiya yake ɗan taɓawa, wai mara ƙarfi ce, wai a rufa masa asiri Allah ya rufa mana. Da ya ga ba mu tanka ba, sai ya juyo kaina, wai me ya kai ni taɓa kayan mutum ba izini. Ga mu a tsakiyar kogi babu hanyar sauka, haka muka zauna tebur ɗaya da shi har la'asar sakaliya, warin yana tasowa daga mayafin tsohuwa. Abayar da ya kawo mini na ƙulle ta a leda na fitar ƙofar gida.

Na san wannan zai yi miki zafi. Ni ma da na yabe shi da bakina ji nake kamar in wanke harshena da sabulu. Ki yi haƙuri, ki yi addu'a, sannan ki kira ni.

Yayarki mai ƙaunarki,
Hawwa

Ainu Shams, Alƙahira
3 ga Mayu, 2014

Ƙanwata abin sona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya gida, ya jikin naki? Inna ta ce mini kin daina cin abinci, ita a zatonta zumuɗin aure ne. Don Allah ki ci, ko kunu ne.

Na saurari duk abin da kika faɗa a waya, ban katse ki ba saboda kukan da kike yi. Kin ce Zubairu ya rantse miki da Alƙur'ani ya daina. Kin ce babu wanda ba ya kuskure, kuma ƙofar tuba a buɗe take. Gaskiya ne. Kin ce ke za ki gyara shi, kuma in hana Malam gaya wa Baba. Da shan giyar ne kawai, wallahi da na zauna na yi tunani, don na san masu sha da suka tuba suka fi mu kirki. Amma akwai abin da na rage miki a waccan takardar, na ɗauka wanda na faɗa ya isa.

Lokacin da nake tsiyaya kofi na biyu, Zubairu ya riga ya dawo. Yana tsaye a bayan kujerata, waya a hannu. Na ɗago na yi masa murmushi, na ce ya yafe mun yi masa ɓarna. Ya ga tsohuwa tana kuka tana kiran kanta munafuka, ya ga kofinsa a hannunta, ya ga cikina, ya kuma san ni ce ta gaba. Kalma ɗaya ta ishe shi. Ko kofin ya bige ya ce kuskure ne, da ya wadatar. Bai yi ba. Da ta sake ɗaga hannu tana addu'a, shi ne ya fara cewa amin, da ƙarfi, don na kusa su ji. Wannan amin ɗin ne ya hana ni sukuni, kuma shi ne ban ga yadda za ki gyara ba.

Kafin ya bar Alƙahira ya aiko da Zamzam ta gaske, babbar jarka, da hatiminta na filin jirgi, wai a kai wa Habboba. Malam ya buɗe da kansa, ya sha a gabanta, ni ma na sha. Ta karɓi kofin, ta fuskanci alƙibla, ta kai shi har leɓenta. Maƙogwaronta ya ƙi. Ta gwada washegari, ta kuma gwadawa, da ta ji sunan sai amai ya taso mata. Jiya ta sa jikanta ya hauro mana da jarkar, ta ce a ba masu rabo. Matar da tun daga kakanninta ake tafiya zuwa ga ruwan nan, yau ga shi a ɗakinta ta kasa haɗiya.

Baba ya kira Malam sau biyu yana tambayar abin da muka gani, Malam yana ce masa a ɗan dakata. Ba zai ƙara cewa haka ba, ni ma ba zan roƙe shi ba. Amana aka ba mu, kuma ke ce amanar. Abin da na roƙa miki kawai, Malam ya jira zuwa Juma'a, don ki riga shi. Ki sami Baba ki ce kin fasa, da bakinki, kanki a ɗage, kada a ce raba ku aka yi. In kin kasa, Malam zai faɗa, ni kuma zan karɓi wayar in ƙarasa da abin da na gani da idona.

Na san za ki yi fushi da ni, wataƙila har ki ƙi zuwa sunan ɗan nan. Na ɗauka. Ni na goye ki, Fadimatu, ba zan kai ki ɗakin mutumin da zai ga kina shan abin da zai cuce ki ya tsaya yana cewa amin ba.

Ki gaida Inna, ki ci abinci. Allah ya sanyaya miki zuciya.

Yayarki, ko kina so ko ba kya so,
Hawwa