Gorar da Ba Ta Taɓa Ƙasa Ba

Ruwais, Jidda

Baba,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da ƙanwata Hikima da duk mutanen Yawuri. Yaya ƙafar taka?

Shekara shida ke nan ba ka amsa mini wasiƙa ba, tun da ka ce ɗan masassaƙin jirgi da ya koma tsintar bola a Jidda ya fita daga zuriyar ruwa. Maganar nan tana ci na har yau. To, Baba, daga bolar na haɗa jirgi.

Durom takwas na roba na samu a bayan wani shago a unguwar Sharafiyya, na wanke su, na liƙe bakinsu da kwalta. Tsoffin katakai na ɓamɓare na shimfiɗa a kai. Ban sa ƙusa ko ɗaya ba, don gishiri zai cinye ta. Igiya ce zalla, da ɗaurin nan naka mai ninki uku wanda na sha ranƙwashi kafin in iya. Abokin aikina Badr, Bahaushe haifaffen nan, kullum sai ya leƙo ya yi dariya, wai gado nake haɗa wa kifi. Na kuma samo doguwar gora ta tuƙi, kamu goma sha biyu.

Ranar Asabar zan sa shi a ruwa. Ka sa mini albarka ko a zuci ne.

Ɗanka,
Zaharadden

Ruwais, Jidda

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Jirgi ya hau ruwa, ya zauna daram. Badr ya daina dariya, sai ɗaukar hoto yake yi. Na yi ta dogara gora ina tafiya kamar a gaban gidanmu, har na wuce duwatsun bakin teku. Nan na soka gora, sai ta nutse har da hannuna ba ta taɓa komai ba. Ashe daga wurin ƙasa ta yanke. Iska ta fara ja na waje, ni kuwa ban zo da filafili ba, da yake a kogi na tashi, inda na saba gora tana taɓa ƙasa.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Na kwance katako ɗaya, na durƙusa na yi ta tuƙi da shi wajen awa biyu har tafin hannuna ya saɓule. Igiyar ruwa ta yi ta dukan jirgin, amma ko ɗauri ɗaya bai saki ba. Da kaina na dawo da shi gaɓa, ba wanda ya jawo ni.

Jiya masu umara suka kawo mini takardar Hikima. Ta ce sau biyu ka sa aka karanta maka wasiƙata, sannan ka ce a gaya wa yaron nan teku ba kogi ba ce, ya tafi da filafili.

Saƙon ya makara da kwana tara, amma na karanta shi har takardar ta yi laushi. Baba, na san ka. Ba ka taɓa ɓata bakinka kan filafili da wanda ba ɗan ruwa ba.

Ka aiko mini da awon naka, in sassaƙa irinsa.

Ɗanka mai biyayya,
Zaharadden