Wanda Ya Kashe Hayaniya

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da su Yaya. Yaya gwiwar nan? Ina fatan shafa maganin kake yi, ba ajiye shi ka yi cikin tsofaffin rediyoyinka ba.

Baba, ina cikin damuwa, kuma ba wanda zai gane ta kamarka. Ka san aikin da aka ba ni: haɗa wani asibiti da ɗakin gwajin jininsu da ke tsallaken titi, yadda sakamakon marasa lafiya zai riƙa tafiya ta iska ba tare da waya ba. Iska kuwa ta kowa ce. Duk mai eriya da kwamfuta zai iya raɓewa a gefe ya kwashi rabonsa, kuma ba ya barin sawu. Dabarata ita ce eriyarmu ta tura saƙon a tsuke, kamar hasken tocila, kai tsaye zuwa eriyar tsallake. Sauran kusurwoyin duka na cika su da hayaniya da gangan, irin shuuu ɗin nan da ka ƙare ƙuruciyarka kana korarsa daga rediyon mutane. Ka yi haƙuri, 'yarka da ɓata abin da ka gyara take cin abinci.

Na gwada, na sake gwadawa, na sa hannu cewa hanya ta tsaru, na ce su fara aiki. Bayan kwana huɗu, wato jiya, sifeton da ke tantance irin wannan aiki ya zo. Ya ajiye motarsa a bakin titi, ya sa aka tura saƙon gwaji daga ciki, sannan ya kira ni ya juyo mini da kwamfutarsa. Ga saƙon nan tas, ko ɗigo bai ɓace ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ba ni zuwa Alhamis. Amma wallahi ba aikin ne ya fi damuna ba, kwana huɗun nan ne. Akwai matar da ko mijinta bai san abin da ke cikin jininta ba tukuna, ni kuma na shanya shi a titi da sa hannuna. Ka taya ni da addu'a.

Ka gaishe da Inna, kada ka karanta mata wannan.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya. Yaya ya ce ka karanta wa Inna wasiƙar har sau biyu. Na gode da riƙon amana.

Ka kwantar da hankalinka, na gano inda gizo ke saƙa. Kwana biyu ina zargin lissafina, ashe lissafi lafiyarsa lau. Da na gaji sai na hau rufin benen asibitin na buɗe akwatin na'urar da ke haɗe da eriyarmu. Makunnin hayaniyar a kashe yake, an share ƙurar wurin, an ɗaure wayoyin tsaf, an manna 'yar takarda an rubuta “An gyara.”

Aikin wani dattijo ne mai kula da na'urorin asibitin, ana ce masa Mai Kunne, don yana gane ciwon inji tun daga ƙofa. Washegarin ranar da na gama, mitarsa ta auna sigina ta nuna masa hayaniya ta cika sama. Ya bi ta daki-daki har rufi, ya kashe ta, bai gaya wa kowa ba don kada a ce ya kunyata yarinya. Da na same shi, murmushi yake yi yana jiran godiya. Ya ce shekara talatin bai taɓa barin ƙara ta kwana a layi ba. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna ban taɓa zama na yi masa bayani ba, ko rubutu ban yi a jikin makunnin ba. Laifi tudu ne. Haka na rubuta a rahotona, sunansa bai fito ba. Na sake kunna hayaniyar, na yi masa bayanin amfaninta.

Ranar Alhamis sifeto ya yi awa biyu yana canza wuri, gaban ginin, bayansa, har saman wani shago, bai samu komai ba sai shuuu. Mai Kunne yana tsaye kusa da ni, hannayensa cikin aljihu, yana kallon mitarsa kamar mai ciwon haƙori. Bai taɓa komai ba.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Na wuce ofishin ajiye takardu, wurin wata dattijuwa da suke kira Uwar Fayil, na roƙe ta sunayen duk waɗanda aka tura sakamakonsu cikin kwanakin, don dole a sanar da su. Na shirya ni zan tsaya gabansu. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce babu suna ko ɗaya. Wai ita ba ta sakin sirrin mutum a iska bisa sa hannun mutum ɗaya, ko da 'yar boko ce mai hular kwano. Tun ranar farko ta hana ma'aikatan ɗakin gwajin tura komai sai sifeto ya amince, ita ce ke tsallaka titin da ambulan ɗin sakamako a hammata, sau biyar, sau shida a yini. Sai a lokacin na lura ta cire takalmanta a ƙarƙashin tebur, ƙafafun sun kumbura.

Baba, na zauna a kan wani kwali na yi kuka, irin wanda rabona da shi tun ina firamare. Ba ta rarrashe ni ba. Ta jira na gama, ta sa tabaranta daidai, ta ce to yanzu in nuna mata inda ake dannawa a tura sakamakon.

Ka gaishe da Inna da kowa da kowa. Ina nan tafe ƙarshen wata, in Allah ya yarda.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta